Laftof ko ta tebur? Yadda muka yanke shawara ni da yarona

Shekara ashirin ina sayar da shadda da atamfa a Nima, cikin Accra, ban taɓa zaton kwamfuta za ta hana ni barci ba. Babban yarona ne ya koyi tace bidiyo, yana bin masu ɗaukar biki yana haɗa musu aiki a kwamfutar aro. Ranar da mai ita ya karɓe abarsa alhali bidiyon wata amarya bai kammala ba, ya dawo gida ko tuwo bai taɓa ba. Uwarsa ta ce, "Alhaji, ga kuɗin adashina, ka cika masa." Cikon kuwa daga jarin shago zai fito, don haka na ce sai na fahimci abin da za mu saya.

Muka tafi Tip Toe Lane da ke Circle. Wani mai gyara ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ya ce da kuɗi ɗaya, kwamfutar tebur ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Katin hoto na Nvidia da ke cikin laftof, ko da sunansa ɗaya da na tebur, ba ya kai shi aiki, saboda an rage masa wutar da yake ja don kada ya yi zafi. Ita kuma laftof in ta ɗau zafi, da kanta take rage gudu. Ta tebur akwai fili a cikinta da manyan fankoki, in wani abu ya mutu a cire shi kaɗai a sa sabo. Ni ɗan kasuwa ne, wannan magana ta shige ni. Na ce to shi ke nan, ta tebur.

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wuta fa?"

Nan jikina ya yi sanyi. Duk wanda ya zauna Ghana a 2015 ya san dumsor, kuma har yau akan ɗauke wuta babu sallama. Ta tebur, ana ɗaukewa take mutuwa, bidiyon da ake cikin fitarwa sai a sake daga farko. UPS na riƙe ta ne 'yan mintoci, iya ka adana aiki ka kashe. Ga kuma tafiya: yau biki a Kumasi, gobe suna a Ashaiman, da Sallah mu nufi Kano. Wa zai ɗauki akwati da allo ya bi bodoji uku da su, kwastan na tambayarsa takarda?

Laftof muka saya, amma da sharaɗi. Mai gyaran ya ja mana kunne cewa wasu, irin su MacBook na yanzu, RAM ɗinsu a manne yake, yadda ka saya haka za ka zauna da shi. Muka nemi wadda ake iya buɗewa a ƙara. Ta zo da 16GB, bayan wata huɗu yaron ya mayar da ita 32GB da kuɗin aikinsa, don bidiyon 4K a DaVinci Resolve cin RAM gare shi. Manhajar tana da ta kyauta, ba kamar Premiere Pro da ake biya ba, wannan ma ya rage mana nauyi.

Ba zan ɓoye muku aibinta ba. In tana fitar da aiki, fankarta kamar injin markaɗe, uwarsa har ta kore shi zuwa baranda. In aka cire ta daga wuta, gudunta raguwa yake, batirin kuma ba ya daɗewa. Da hunturu ƙura ta toshe ta, sai da aka buɗe aka share. Abokinsa mai shago da janareta a Madina ta tebur ya saya, kuma yana riga shi gama aiki, wannan gaskiya ce.

Kuɗin adashin dai ya biya uwarsa tun kafin azumi. Nawa ya ce sai bayan bikin da zai ɗauka a Tamale. Yanzu kuma wai allo babba yake so ya jona mata, na ce wannan a aljihunsa.