Tsohuwar Kwamfuta a Iyakar Jibiya: A Gyara Kafin a Yar

A Magama, inda hanyar Katsina ke ratsa Jibiya ta nufi Ɗan Isa da Maradi, kaya ba sa tsallakawa sai da takarda, takarda kuwa a yau sai da kwamfuta. Yawancin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu na hannu ne, HP ko Dell, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso. Masu shagunan ba su da rarar sayen sababbi: an rufe iyakar a Agustan 2019 ba a buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, naira kuma ta faɗi warwas a tsakani. Saboda haka idan mai shago ya ce kwamfutarsa ta yi nauyi, shawarar ya sayi sabuwa ba ta da amfani, kuma sau da yawa ba daidai ba ce. Na'urar ba ta mutu ba, wuri ɗaya ne ya shaƙe.

Wurin nan shi ne RAM. A ɗauke ta a matsayin teburin ɗan tireda, faifan ajiya kuma shi ne siton da ke bayan shago. Muddin kayan da ake nema suna kan tebur, ciniki na tafiya. Da zarar tebur ya cika, sai a yi ta kai da kawowa zuwa sito. Haka Windows ke yi idan RAM mai gigabait 2 ko 4 ta cika: ta riƙa juye aiki a kan faifai, tsohon faifai mai juyawa kuwa ya ninka RAM jinkiri nesa ba kusa ba. Mai shago na iya gani da idonsa. Fitilar faifan za ta tsaya a kunne ba ƙiftawa, allo ya daskare, direba na tsaye yana jiran takardarsa. Idan mai shagon ya danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager za ta nuna masa RAM ta kusa cika, faifai yana kashi 100.

Maganin farko kyauta ne. A kashe manhajojin da ke tashi da kansu idan an kunna na'ura, a rage shafukan da aka bari buɗe a Chrome, a cire rigakafin bairos na biyu domin guda ya isa. Manhajojin da ke alkawarin ƙara gudu kuwa a guje su, su ma RAM ɗin suke ci. Sai a buɗe murfi a hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka, don injin da ya ɗau zafi yakan rage gudunsa da kansa. Bayan wannan ne kuɗi ke shigowa, kuma kaɗan ne: ƙarin RAM irin wadda na'urar ke karɓa, galibi DDR3, zuwa gigabait 8, da faifan SSD wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Ana samun su a titin Beirut a Kano, kuma SSD kaɗai kan sauya na'ura har mai ita ya yi mamaki.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata kuɗi ne, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ta daina da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin tsofaffin injuna. Maganarsu tana da nauyi, domin kwamfutar da ake zura wa filashin kowa, take kuma riƙe da hotunan fasfo da katin shaidar mutane, amana ce. Sai dai matsalar ta manhaja ce, ƙarfen lafiyarsa lau. Linux Mint mai Xfce, wadda ke maye gurbin Windows, kyauta ce, tana tashi da gigabait 2, tana samun gyaran tsaro, kuma ta isa cike fom a intanet da buga wasiƙa da LibreOffice. Gaskiya ne CorelDRAW ba ta aiki a kanta, kuma wasu firintoci kan ba da wahala. Shagon da ke da na'ura biyu sai ya bar ɗaya a Windows don zane, ya raba ta da intanet, ɗayar kuma ta koma Linux ta ɗauki duk aikin da ya shafi bayanan jama'a.