Kada Ki Bari Yaro Ya Tare A Wasa Ɗaya

Yau maganar gwiwoyin 'ya'yanmu za mu yi.

Duk wadda ta bi hanya daga Bagudo zuwa Ka'oje, ko ta gangara Illo da Lolo har bakin iyakar Benin, ta ga yadda ƙwallon ƙafa ya mamaye kowane fili. Yaro ɗan shekara 9, da safe ƙwallo, da la'asar ƙwallo, rani da damina. Uban har murna yake yi, wai ɗansa zai tafi Turai. Buri ba laifi ba ne. Amma ke ce mai gasa masa ƙafa da ruwan zafi da dare, don haka ya kamata ki san abin da likitoci suka gano.

Ƙashin yaro ba irin na babba ba ne. A bakin kowane dogon ƙashi akwai guringuntsi mai taushi, ta nan ne yaro yake ƙara tsawo. Wurin ba ya gama ƙwari sai yarinya ta kai wajen shekara 14 ko 15, namiji kuwa 16 ko 17. To, kowane wasa da irin motsinsa. Mai ƙwallo gudu da shuri ne aikinsa, ɗan dambe kuwa hannu ɗaya yake naɗewa ya yi ta kai duka da shi. Idan gaɓa guda ta yi ta aiki guda ba hutawa, sai ciwo ya kama ta, ba a faɗi ba, ba a buge ba. Kin taɓa ganin yaro da ƙululu a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, in an taɓa ya yi ƙara? Sau da yawa jijiyar cinya ce take fizgar ƙashin da bai nuna ba. Wani a dunduniya yake jin nasa. Mu kuwa sai mu ce sanyin ƙashi ne, ko a ɗauke shi sai gidan mai ɗori, alhali ba karaya ba targaɗe.

A jihar Wisconsin ta Amurka an bi 'yan sakandare fiye da 1,500 tsawon shekarar karatu guda, aka fitar da sakamako a 2017. Waɗanda suka duƙufa a kan wasa ɗaya tak sun fi masu sassauyawa samun rauni a ƙafa da wajen kashi 85 cikin 100. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar kuma, a 2016, ta ba da shawara kada yaro ya tare a wasa ɗaya sai ya kai shekara 15 ko 16. Ya huta kwana ɗaya ko biyu kowane mako, a shekara kuma ya bar wasan nan wata 3, a rarrabe, yana taɓa wani.

Na san maigida zai ce wanda bai fara da wuri ba ba zai yi suna ba. Ki ba shi labarin Hakeem Olajuwon. A Legas tsaron gida yake yi a ƙwallon ƙafa, yana kuma ƙwallon hannu, bai fara ƙwallon kwando ba sai da ya kai shekara 15, amma ya ci kofin Amurka a 1994 da 1995. Ku 'yammata kuwa ga Chioma Ajunwa. Tana cikin 'yan ƙwallon mata na Nijeriya da suka je gasar duniya a 1991, sa'an nan a 1996 ta ciyo lambar zinariya a dogon tsalle a Atlanta, mita 7.12.

Abin mamaki ma, shawarar nan ta likitoci ita muka tashi muka tarar a ƙasarmu. Kokawa sai bayan girbi, langa da gaɗa sai a farin wata, yaran bakin Kwara ga iyo ga tuƙin kwalekwale, damina ta faɗi kowa ya nufi gona. Jiki yana samun sauyi ba wanda ya tsara masa. Sai dai a kula da iyo a tafki da kududdufi, don can tsargiya take.

'Yan makaranta, an tabbatar mata sun fi maza saurin tsinkewar jijiyar cikin gwiwa a wasannin tsalle da juyawa. Wannan ba dalilin zama a gindin bishiya ba ne lokacin wasanni. Ki yi gudu, ki yi tsallen igiya, ki yi ƙwallon raga, in kin yi tsalle ki dira da gwiwa a lanƙwashe, kada ki bari su karkato ciki su haɗu.

Ke kuma uwa, ki ƙidaya awoyin da yaronki yake yi a horon ƙwallo a mako. Kada su wuce yawan shekarunsa: ɗan shekara 10, awa 10. In kin ga yana ɗingishi, ko gwiwa ta kumbura, ko ciwon ya hana shi barci, ko ya wuce mako biyu bai sake shi ba, ki karɓe takalman ki kai shi asibiti.