Mene ne rabin hular haƙori?

A Sakkwato, mai ciwon turmin haƙori yakan je asibiti da buƙata ɗaya: a cire. Amma likitocin haƙori, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba kullum suke gaggawar cirewa ba, domin wani lokaci rabin hula yakan ceci haƙorin.

Rabin hula wani murfi ne da ake ƙerawa da tangaran, zinariya ko roba mai tauri, ya rufe ɓangaren da ya lalace kaɗai. Cikakkiyar hula kuwa sai an fiƙe haƙorin ta ko'ina kafin ta zauna.

Wajen saka rabin hula, likita zai yi allurar kashe zafi, ya kankare ruɓar, ya ɗauki siffar haƙorin. Da ita ake ƙera murfin, a manna shi a zuwa na biyu. Kafin nan akan sa ciko na wucin gadi, don haka a ɗaga wa rake da aya ƙafa.

Rabin hula ya dace da wanda kogon haƙorinsa ya fi ƙarfin ciko, ko gefe ya ɓalle. Ya fi ciko tsada. Idan haƙorin ya tsage har saiwa, sau da yawa sai cirewa.