Barin Tsoho Ya Zauna Ba Gata Ba Ne: Saƙon Da Tsoka Ke Aika Wa Ƙwaƙwalwa

Yau zan taɓo wata ɗabi'a tamu ta 'yan cikin gari. Da zarar dattijo ya haura sittin sai mu ce "Baba ka huta", mu shimfiɗa masa tabarma a zaure. Iya kuwa ko tsintsiya ta ɗauka, jika ta karɓe. Ladabi ne, ban musa ba. Amma zaman nan yana cin ƙwaƙwalwarsu, ga dalili.

Tsoka ba ɗaukar kaya kawai take yi ba. Idan ta yi aiki, tana zuba wasu sinadarai cikin jini su kai saƙo ga sauran gaɓoɓi. A 2003 Farfesa Bente Pedersen ta ƙasar Danmak ta raɗa musu suna mayokin. A 2012 kuma Bruce Spiegelman da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka gano ɗaya daga ciki, wato irisin. Shi irisin yana ƙarfafa samar da BDNF, wanda yake wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa abin da taki yake wa shuka. A 2019 masu bincike a Brazil suka nuna cewa ƙara irisin ya kare tunanin ɓeraye masu alamun cutar mantuwa ta Alzheimer.

Za ku ce ai ɓera ne. To ga na mutane. A 2011 Kirk Erickson ya wallafa bincike kan tsofaffi 120 a Amurka. Rabinsu sun riƙa tafiyar ƙafa ta minti 40, sau uku a mako, tsawon shekara. Sashen ƙwaƙwalwarsu mai ajiye abin tunawa ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari, na ɗaya rabin kuwa ya ragu.

Yanzu ku dubi garinmu. Da can mutum daga Yakasai zai taka zuwa Kasuwar Kurmi ya dawo. Iyayenmu mata ga daka, ga surfe, ga jan guga. Yau injin niƙa ya karɓe daka, A Daidaita Sahu ya karɓe tafiya. Ita kuwa tsoka tun bayan shekara 30 take fara raguwa, wanda bai mora ta ba tasa ta fi saurin zagwanyewa. In ta ragu, saƙon ma ya ragu.

Motsa jiki ba ya warkar da gigin tsufa, amma yana rage haɗarinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Raka Baba masallaci a ƙafa. Bar Iya ta yi shararta. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likita. Mu matasa kuma ga Dala, ga Goron Dutse, hawansu da sassafe ya ishe mu.

Allah ya ba iyayenmu tsufa mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.