Hawan Jini: Na'urar Da Ke Kwana Da Mutum

Kowace ranar Talata, mutanen Bakura da Maradun da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Bakolori sukan nufi Talata Mafara cin kasuwa. Da yawa daga cikinmu, in mun sayar da 'yar shinkafarmu, mukan ratsa kemis mu sayi maganin ciwon kai ko na gajiya. A wasu shagunan akwai na'ura mai batir, a ɗaura wa mutum a damtse, cikin minti ɗaya a ce masa jininsa ya hau, ko kuwa lafiyarsa lau. To, 'yan'uwa, wannan awo guda ɗaya ya isa a yanke hukunci a kan lafiyar mutum?

Likitoci sun ce bai isa ba, gama ƙarfin gudun jini ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yakan hau in mutum ya sha tafiya, ko ya ji tsoro, ko ya sha taba, yakan kuma sauka in ya huta. Akwai wanda ganin ma'aikacin asibiti kawai yake sa jininsa ya hau, alhali a gida lafiyarsa ƙalau. Irin wannan ana iya ɗora shi a kan maganin da ba ya bukata. Akwai kuma wanda awonsa yake fita daidai a gaban likita, amma a gona ko cikin dare jinin yana sama. Wannan ya fi shiga haɗari, domin zai koma gida da murna, cutar kuwa tana cin zuciyarsa da ƙodarsa a ɓoye, har ran da ɓarin jikinsa zai shanye.

Saboda haka ne masana suka ƙera na'urar da mutum yake yawo da ita awa 24. Girmanta bai kai na ƙaramar rediyo ba. Ana rataya ta a ƙugu, a haɗa ta da ɗamarar damtse ta wani siririn bututu, a rufe da riga. Da rana takan auna jini da kanta bayan kowane minti 20 zuwa 30, da dare kuma takan ƙara tazara. In ɗamarar ta soma matsewa, sai mutum ya tsaya, ya saki hannunsa har ta gama. Ba a wanka da ita. Mutum yakan rubuta lokacin da ya kwanta, da lokacin da ya tashi, da lokacin da ya sha magani. Kashegari a kwance ta, a zuba sakamakon cikin kwamfuta.

Ga yadda ake karanta shi. A asibiti, 140/90 ko fiye shi ake kira hawan jini. Da wannan na'ura kuwa, iyakar ita ce 135/85 da rana, 120/70 da dare. Jinin mai lafiya yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari lokacin barci. Wanda nasa ba ya sauka ya fi fuskantar shanyewar jiki da ciwon zuciya, kuma ba yadda za a gane haka a rumfar kasuwa da tsakar rana.

A Ingila, tun 2011 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya ta ba da shawara a riƙa tabbatar da hawan jini ta wannan hanya. A watan Oktoba na 2021 kuma aka buɗe aikin ga kantunan magani na unguwanni: mai shekara 40 ko fiye yana iya shiga a auna shi kyauta, in awon ya hau a ɗaura masa na'urar, sa'an nan a aika wa likitansa sakamako. Dalilinsu shi ne kantin magani ya fi asibiti kusa da talaka.

Wannan dalili ya fi ƙarfi a wurinmu. Zuwa manyan asibitocin Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato ba ƙaramin abu ba ne, ga kuɗin mota, ga halin da hanyoyinmu suke ciki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce masu hawan jini sun ƙaru daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu kuwa ba su sani ba. Sai dai mu lura, kemis daban, kantin ƙwararren mai harhaɗa magani daban. Dokar Nijeriya ba ta ba mai kemis izinin rubuta wa mutum maganin hawan jini ba. Muna roƙon hukumomin lafiya na Jihar Zamfara su duba yadda za a samar da wannan na'ura a asibitocin ƙananan hukumomin nan uku da kantunan da ke da ƙwararru.

Kafin wannan, akwai abin da za mu iya yi da hannunmu. Zumuntar mata ko ƙungiyar manoma tana iya haɗa kuɗi ta sayi na'ura mai batir ta damtse, a riƙa ba da aronta. Mutum ya zauna ya huta minti 5, ya auna sau biyu da safe, sau biyu da yamma, har kwana 7, yana rubutawa. A bar na ranar farko, a kai wa likita sauran. In awo ya kai 180/120, a tafi asibiti a ranar. Mace mai ciki da jininta ya kai 140/90 ita ma kada ta jira, domin gudun jijjiga.

Har wa yau, mu rage gishiri da dunƙule a miya. Abin da hukumar ta ce shi ne ƙasa da giram 5 a rana, watau bai cika ƙaramin cokali ba. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda muke sha bayan aikin fadama, suna ɗaga jini, kada mu mai da su abinci. Wanda likita ya ɗora a kan magani kuma kada ya daina don ya ji sauƙi. Lafiya uwar jiki ce, 'yan'uwa. Mu auna, mu rubuta, mu kai wa likita.