Kafin Ka Biya Kuɗin Fili A Yawunde, Je Ka Duba Babban Littafi

Daga wakilinmu a Yawunde

Duk wanda ya san unguwar Briketari da maƙwabciyarta Madagaskar a birnin Yawunde, ya san da wuya ka shiga gidan dattijon Bahaushe ba ka tarar da wata tsohuwar adaka da ake ɓoye takardun gida a cikinta ba. Idan aka buɗe, abin da aka fi samu shi ne takardar ciniki da aka rubuta da hannu, da sa hannun mai sayarwa da shaidu biyu ko uku, wani lokaci har da hatimin mai unguwa. Mutanenmu sun zauna a wannan yanki na ƙabilar Ewondo tun zamanin Turawa, lokacin da masana'antar bulo ta Jamusawa ta ba unguwar sunanta, kuma da irin wannan takarda kakanninmu da yawa suka sami wurin zama.

A kwanakin baya wani ɗan kasuwa da ke sauraron shirinmu na rediyo, mai safarar albasa daga Marwa zuwa kasuwar Kiye-Osi da ke bakin iyakar Gabon da Ikwatoriyal Gini, ya same ni da irin wannan takarda a hannu, ransa a ɓace. Ya sayi wani ɗan fili a Madagaskar, ba nisa da kasuwar Mokolo, ya biya kuɗi lakadan a gaban shaidu, har ya kai gini linta. Ana nan sai ga wasu mutane da takarda daga kotu. Ashe filin wani yanki ne na babban fili mai rajista da sunan wani mamaci da 'yan'uwansa, kuma wanda ya sayar masa ɗaya ne kawai daga cikin magada masu yawa.

Na raka shi ofishin ajiyar rajistar filaye, wanda ake kira konsabasiyon fonsiyar, na gundumar Mfundi, wadda birnin Yawunde ke cikinta. Abin da muka koyo a can shi ne dalilin wannan rubutu.

A ƙasar Kamaru takarda ɗaya ce tak doka ta sani a matsayin shaidar mallakar fili, ita ce titir fonsiye. Dokar da ta kafa wannan tsari ita ce mai lamba 74-1 ta ranar 6 ga Yulin 1974, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, sai kuma dokar 76/165 ta ranar 27 ga Afrilun 1976 da ta bayyana yadda ake samun takardar. Ita wannan ta biyun ta ce titir ba a ƙalubalantarsa, ba a taɓa shi, kuma shi ne magana ta ƙarshe, in ban da inda aka gano kuskuren hukuma ko maguɗi wajen fitar da shi. 'Yan'uwanmu na Nijeriya za su iya kwatanta shi da takardar C of O da gwamna ke sa wa hannu a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, kodayake ba daidai suke ba.

Sashe na 8 na dokar 1974 shi ne ya fi cin mutanenmu. Ya ce duk cinikin fili ko gida da ba a gaban noter aka rubuta shi ba, ɓatacce ne. Noter shi ne masanin shari'ar da hukuma ta naɗa don rubuta irin wannan ciniki. Haka kuma sayar da filin da ba a riga an yi masa rajista da sunan mai sayarwa ba, shi ma ɓatacce ne. Wato dai takardar adaka, ko shaidu goma ne a kanta, ko liman ne ya yi mata addu'a, ba ta mai da kai mai fili a idon doka ba. Za ta iya taimakonka ka bi wanda ya karɓi kuɗinka, in ka same shi.

To yaya ake binciken? Abu na farko, ka ce wa mai sayarwa ya ba ka lambar titir ɗin. Idan ya fara kame-kame, yau takarda tana wurin yayansa a Duwala, gobe tana banki, ka riƙe kuɗinka. Kowane titir yana da lamba, da sunan gundumar da aka yi rajistarsa, da lambar kundi da ta shafi a cikin babban littafin filaye. Abin da ke hannun mai fili kwafi ne kawai, asalin yana cikin wannan littafi a ofis. Da lambar za ka rubuta takardar neman abin da ake kira certificat de propriété, ka manna mata kan sarki, ka biya kuɗin hukuma, ka karɓi rasit. Takardar da za a ba ka za ta nuna sunan wanda littafi ya sani a yau, da faɗin filin, da ko an jinginar da shi ga banki, da ko akwai wata shari'a da aka rubuta a kansa. Kada ka yarda da wadda mai sayarwa ya kawo maka ta bara, domin cikin wata ɗaya ma ana iya jinginar da gida.

Da abokin nawa ya yi haka, da ya ga kalmomi biyu a bayan sunan mamacin, et consorts, ma'ana shi da abokan tarayyarsa. Waɗannan kalmomi sun jefa mutane da yawa cikin wahala a Yawunde. Fili irin wannan na dangi ne gaba ɗaya, mutum ɗaya ba ya yanka ya sayar ba da yardar sauran ba. Idan kuma mai sunan ya rasu, sai magada sun sami hukuncin kotu da ya tabbatar da su waye magadan. Mu ma Hausawa muna da namu sakacin a nan. Za a kira malamai a raba gado yadda addini ya tanada, kowa ya ɗauki ɗakinsa, amma babu wanda zai je ofis a sauya suna, sai ka ga gida yana hannun jikoki alhali littafi bai san kowa ba sai kakan da ya rasu shekara arba'in da suka wuce.

Abu na biyu, takarda na iya zama ta gaskiya amma filin da aka nuna maka ba shi ne nata ba. Don haka a ɗauki ma'aikacin awo na ofishin kadastir, ya je da taswira ya nemo turakun siminti na iyaka. Idan yanki za ka saya daga cikin babban fili, shi ne zai auna ya kafa sababbin turaku, noter ya rubuta ciniki ya kai fayil ofis, a yanke naka daga uwar takarda a ba ka sabuwar lamba da sunanka. Idan duka filin ne, sauya suna kawai za a yi a littafi. Ranar da sunanka ya shiga littafin, ranar ka zama mai fili, ba ranar da ka ƙirga kuɗi ba.

Su kuwa masu zaune a filin da ba a taɓa yi wa rajista ba, akwai ranar da ya kamata su haddace: 5 ga Agustan 1974. Ɗan ƙasar Kamaru da zai iya nuna cewa shi ko iyayensa sun zauna ko sun raya wurin kafin wannan rana, yana da damar neman titir kai-tsaye. Ana kai takardar nema ofishin suferefe, mu nan na Yawunde ta Biyu, a karɓi rasit. Kwamiti a ƙarƙashin suferefe, wanda ya haɗa da sarkin yankin da dattawa biyu, zai zo ya ga wurin, a kafa turaku a gaban maƙwabta, a buga sanarwa, a jira kwana 30 ko wani zai yi jayayya. Kafin gyaran dokar da aka yi ranar 16 ga Disambar 2005, fayil ko daga Kuseri yake sai ya zo ma'aikata a Yawunde. Gyaran ne ya kai ofishin rajista kowace gunduma, da burin a riƙa gamawa cikin wata shida. Buri dai aka ce, mai nema ya tanadi haƙuri da takalmi mai ƙwari. A nan ne ma tsofaffin takardun adaka ke da rana, domin suna taimakawa wajen nuna daɗewar zama.

Akwai kuma wuraren da ba a ba kowa titir a kansu, kamar fadama da gefen manyan hanyoyi, domin doka ta ce na jama'a ne. Idan mai karatu bai manta ba, lokacin da Gilbert Tsimi Evouna ke shugabancin hukumar birnin Yawunde an yi rusau mai yawa, ciki har da na unguwar Ntaba a 2008 da wasu sassan Briketari. Abin da aka fara tambayar masu kuka a lokacin shi ne ina titir, ina izinin gini.

Sai magana ta musamman ga masu karatunmu na kasuwannin bakin iyaka, 'yan Nijeriya da Nijar da Chadi. Baƙo ba ya neman titir kai-tsaye a filin da ba shi da rajista. Zai iya sayen mai rajista, amma sai ministan kula da filaye ya sa hannu a kan cinikin, in ba haka ba ya ɓaci. Kuma dokar ta cire yankunan bakin iyaka daga wannan dama ɗungurungum. Saboda haka wasu ke saye da sunan aboki ko suruki ɗan ƙasa. Na ga inda hakan ya tafi lafiya shekaru da dama, har ranar da abokin ya rasu, 'ya'yansa suka je ofis suka tarar da sunan mahaifinsu a littafi.

Shi dai abokin namu mai albasa, dattawan unguwa sun shiga tsakani, dangin sun yarda su sayar masa da wurin a gaban noter, amma da sabon farashi, kuma ba su lissafa abin da ya ba ɗan'uwansu ba. Yanzu sa hannun mutum biyu ake jira, ɗaya tana aure a Duwala, ɗayan yana ƙasar waje sai ya aiko da takardar wakilci. Ginin yana nan a linta, damina biyu ke nan.