Tuƙi Ba Da Ƙafa Ba: Kimiyya Da Dokar Lasin Naƙasassu

Kakau na Ƙaramar Hukumar Chikun, kudu da Kogin Kaduna, a bakin babbar hanyar da ta haɗa Kaduna da Abuja. A irin wannan hanya doka ta yarje wa ƙaramar mota ta gida gudun kilomita 100 a awa. Idan aka buga lissafi, wannan ya kama kimanin mita 28 a kowane sakan. Wato ke nan, direban da ya yi jinkirin sakan ɗaya tak kafin ya kama birki, ya riga ya shafe wannan nisa. Shin mutumin da ƙafafunsa suka shanye zai iya tuƙi a nan ba tare da ya jefa rayuka cikin haɗari ba?

Amsar tana cikin yadda jiki ke aiki. Ido ne ke fara hango haɗari, ya aika wa ƙwaƙwalwa. Ita kuma ta yanke shawara, ta tura umurni ta cikin laka zuwa tsokar da za ta motsa. Ƙwayar cutar shan inna tana lalata ƙwayoyin jijiyar laka masu ba tsoka umurni, galibi na ƙafa, amma takan bar gani da tunani lafiya lau. An daina samun nau'in cutar na asali a Nijeriya tun 2016, aka kuma tabbatar da kawar da shi daga Afirka a 2020, sai dai waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan, da yawansu magidanta masu neman abinci.

Injiniyoyi sun daɗe da gane cewa birki bai san ƙafa ba, matsi kawai ya sani. Saboda haka akan ɗauki mota mai sauya giya da kanta, wadda ba ta da kuloci, a ɗaura mata sanda kusa da sitiyari. Idan direba ya tura sandar gaba, birki ya kama. Idan ya jawo ta, totur ya amsa. Akan kuma maƙala ɗan mariƙi a jikin sitiyari domin hannu ɗaya ya iya juya shi.

Dokar ƙasa ma ta amince da haka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana kasa lasin tuƙi rukuni-rukuni, kuma rukunin J an keɓe shi domin naƙasassu. Mai nema sai ya cika shekara 18, ya koyi tuƙi a makarantar da aka amince da ita, sannan ya ci jarrabawar jami'an duba motoci. A kan titi kuwa babu sassauci: iyakar gudu, ɗamarar kujera da ƙa'idar wuce mota duk ɗaya ne ga kowa. Bugu da ƙari, dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci.

Abin tsoro a hanya shi ne larurar da ba a gani: raunin ido, farfaɗiyar da ba a yi wa magani ba, ko gyangyaɗi. Mai ƙafa biyu da barci ya sace na sakan uku ya tafi fiye da mita 80 babu mai riƙe da motar. Don haka ya kamata malamai su cusa wa ɗalibai cewa da gwaji ake sanin direba, ba da kallon sandar da yake dogarawa ba.